Fatar Tsohon Bobin

Ni ban taɓa niyyar barin Gure ba, kuma na faɗa wa mutumin da na aura haka tun yana zuwa zance ƙofar gidanmu. Shi ɗan Damagaram ne, shofer, yana tuƙa kamiyon, wato babbar motar kaya, ta wani attajiri tsakanin Damagaram da Gure a shekarun talatin na lissafin Nasara. Ni kuwa ƴar makiyaya ce, a gida Barbarci muke yi, Hausa sai a kasuwa, inda nake kai nono da man shanu. Ya yi dariya ya ce ai hanyarsa ke nan, muddin mota na bin ta ba inda za ni. Na ce to, a kan haka na yarda. Ashe zamana kusa da iyayena a wuyan ƙarfe aka rataye shi, ni ban lura ba.

Motar ba ta da laifi idan ta tashi. Tashin ne aiki. Da sanyin safiya sai maigidan ya tuɓe riga, ya kama manibal, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake cusawa a gaban mota a juya, ya yi ta juyi har gumi ya wanke shi, ita kuwa ta yi tari biyu ta yi shiru abinta. Fasinja na zaune bisa buhunan kanwa suna ba da shawara, wanda bai taɓa riƙe ko ƙusa ba shi ya fi kowa sani. Wata rana sai hantsi ya dubi ludayi kafin su ɗaga. Idan an yi latti a nan, rana ta same su cikin rairayin Gidimuni, su kwana a hanya, kayan attajiri su rasa kasuwa.

Attajirin ya yi haƙuri har ya gaji. Ya kira maigidan ya ce masa hanyar Gure tana kashe masa mota, idan aka ci gaba da wannan latti zai mai da ita hanyar Kano, da ita da mai tuƙa ta. Maigidan ya faɗa mini wannan yana cin tuwo, kamar labarin wani yake bayarwa. Ni na ture nawa gefe. Lokacin ina goyon ɗiyata ta fari, innata na zuwa kullum ta yi mata wanka, rugar babana kuwa tana nan kan hanyar Kelle, tafiyar da nake yi da ƙwarya a kai in dawo kafin azahar. Kano a wurina sunan wani wuri ne da mutane ke tafiya ba a sake ganinsu sai da furfura.

Tun daga ranar na sa wa motar ido. Dama ni mai son sanin cikin abu ce, tun ina yarinya an sha dukana a kan buɗe abin da aka rufe. Duk safiyar da ya ɗaga murfin inji, ina nan tsaye da goyo ina leƙe, ina tambaya. Wannan fa? Wancan fa, me yake ci? Da farko yana kora ta, daga baya ya gane kora ba ta yi mini komai, sai ya shiga nuna mini. Ya nuna mini batir, ya nuna mini buji, waɗanda ke tofa wuta cikin inji. Sannan ya ɗora yatsa kan wani baƙin gwangwani mai tsawon tafin hannu, an ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe a jikin inji, waya na fita daga kansa. Ya ce wannan shi ne bobin. Wutar batir sanyi gare ta, ba ta iya kunna esansi, wato man fetur, sai ta bi ta cikin bobin ya hura ta, kamar yadda zuga-zugi ke yi wa gawayin maƙeri.

Na ce, “To ina wutar? Ni ban ga hayaƙi ba.”

Ya ce, “Riƙe nan ki gani.”

Na riƙe wayar, ya je ya juya manibal. Abin da ya shige ni ban san sunansa ba har yau. Na ji kamar an fizge mini hannu tun daga kafaɗa, na yi ƙara, ɗiyar ta farka ta taya ni, shi kuwa yana riƙe da ciki yana dariya. Na yini ban yi masa magana ba. Amma ƙasan zuciyata wani abu ya kama ni: yaya gwangwanin da ba ya motsi, ba ya zafi, ba shi da baki, zai yi cizo haka? Me ke ciki?

Ana nan sai ya dawo daga wata tafiya da ɗan kwali a aljihun riga, yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Wani shofer mai bin hanyar Kano ne ya kawo masa daga kantin Kwara, Larabawan nan masu kantuna a can. Sabon bobin ne, ja wur, da zanen walƙiya a jikinsa. Ba gidan da suka ƙera motar suka yi shi ba, wasu ne daban, kuma a tashar Damagaram ba a maganar komai sai shi. Wai wutarsa ta fi ta asalin zafi, wai mota na tashi da shi tun ba a gama juya manibal ba, wai a cikin rairayi sai ka riƙe ta. Na tambaye shi ko a cikin masu wannan magana akwai wanda ya sa shi a motarsa. Ya ce akwai wani, amma ba a tashar yake ba yanzu.

Na ce, “Shi tsohon ciwo yake?”

“Lahiyarshi lau. Tsuhwa dai.”

“To in lahiyarshi lau, ƙila ba shi ba ne ke hana ta tashi.”

Ya dube ni ya ce, “Ke da kika san mota shekaranjiya?”

Ya kwance tsohon ya ba ni, na nannaɗe shi da tsumma na sa cikin tukunyar da nake ajiyar kayan ɗinki. Ya ɗaura sabon. Sai ga wata matsala: jan bobin ya fi baƙin sirantaka, maɗaurin ya yi masa yawa, yana lilo a ciki. Ya cusa tsumma, ya cusa guntun fata, duk da haka in mota ta shiga gargada sai ya zame, waya ta saki, inji ya yi ta tari yana ɗaukewa. Tafiyar farko da sabon bobin ta fi duk na baya muni. Ya dawo fuska a murtuke, ya ce motar ce ba ta karɓe shi ba. Na ce ya mai da tsohon mana. Ya ce ya riga ya faɗa wa duk tasha ya sa ja, da wane ido zai koma musu da baƙi?

Washegari na tafi ruga ɗaukar nono. Babana da maigidan ba sa zama wuri ɗaya, kunyar surukai, in sun haɗu a hanya kowa ya dubi ƙasa a gaisa a wuce. Duk abin da ɗaya ke son ɗaya ya ji, ta bakina yake bi. Na tarar da babana yana ɗaure maruƙa, na ba shi labari duka, har da cewa motar ta ƙi karɓar baƙon. Ya saurara yana murza igiya a cinya. Shi mota bai ɗauke ta komai ba sai wata irin dabba marar kunya da ba ta san mai ita ba.

Ya ce, “Uwata, ai kin san abin da muke yi. In saniya ta rasa ɗanta, aka kawo mata maraya ta ƙi shi, sai a feɗe mataccen a lulluɓa wa marayan fatar. Ta sunsuna ta ji warin nata, ta sakar masa nono. Amma wannan sai in ɗan ya mutu. Naku ya mutu ne?”

Na ce yana nan cikin tukunya, lafiya lau.

Ya ce, “To me ya kai ku neman maraya?”

Na kawo wa maigidan maganar yadda aka ba ni ita, kai da wutsiya, ban rage ko kalma ba. Na zaci wutsiyar zai kama. Sai na ga ya ajiye cokali, idonsa ya yi haske. Ya ce in ɗauko tsohon bobin. Ya jera su biyu a tabarma, ya gwada tsawo, ya gwada kauri, ya ce wallahi babana ya san abin da yake faɗa. In aka ƙwaƙule cikin baƙin, jan zai shige cikin gwangwaninsa daidai, maɗauri ya kama shi gam, motar kuma ta ga abin da ta saba gani.

Na ce, “Malam, cewa ya yi in ɗan ya mutu.”

“To ai yanzu zai mutu.”

“In jan ya ƙi fa? Da me za ka dawo gida?”

“Ba ya ƙi. Ke dai kin cika baƙin baki.”

Na yi faɗa, faɗa sosai, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Na ce masa zamana a garin nan ne yake wasa da shi. Ya ce don zamana a garin nan ne yake yin duk abin da yake yi, kuma gaskiyarsa, don haka ne. Da na ga ba zai juyu ba, sai na ce to ni zan kai wa maƙeri, don in dai za a yanka shi, ba za a yanka ba ni a wurin ba. Ba zan ɓoye ba, rabin zuciyata na kuka, rabin kuwa tana ɗoki. Na daɗe ina son ganin cikin abin nan.

Maƙerin kasuwa ya juya shi a hannu, ya kai kunne ya girgiza, bai ji komai ba. Ya tambaya ko akwai abin da zai fashe. Na ce ban sani ba, amma yana cizo. Ya yi bisimilla ya sa kurfi ya zagaye bakin, ya kara shi kusa da wuta. Sai wani baƙin abu kamar ƙaro ya fara narkewa yana ɗiga, da wari mai hawa kai. Ya ja da awartaki, cikin ya fito ɗungurungum. Mutane suka taru. Ni na zaci zan ga wani ɗan dutse mai walƙiya, ko garwashi, ko wani abin da zan ce yawwa, ga mai cizon. Ba komai sai ƴan sandunan ƙarfe a tsakiya, an naɗe su da jar waya, an sa takarda, an sake naɗewa, an sake sa takarda. Wayar ciki siririya ce kamar gashin jariri. Muka kama bakinta muka yi ta warwara, wata mai tallan daddawa ta riƙe ta tafi da ita har bakin rumfar mahauta, ba ta ƙare ba. Maƙerin ya ce wanda ya naɗa wannan ba shi da aikin yi. Ni kuwa na tsaya ina kallonta a tafin hannuna, na sa harshe na taɓa, ba ta yi mini komai ba. Wato cizon ba a wayar yake ba, a naɗin yake, mu kuma mun warware. Ranar mata da yawa sun sami abin shirya dutsen wuya.

Abin haushin shi ne dabarar ta ci. Jan ya shige cikin baƙar fata kamar don shi aka yi ta, maɗauri ya kama, waya ta daina saki. Motar ta daina tari a gargada. Tashin safe kuwa, shi ya ce ya fi da, ni da nake tsaye ina kallo ban ga wani bambanci mai yawa ba, sai dai lokacin sanyi ya fara wucewa, ita kuma dama da ɗumi ba ta cika gardama ba. Na faɗa masa haka, ya ce hassada nake yi wa bobin. Ya yi tafiya da dawowa lafiya sau da yawa, attajiri ya daina maganar Kano, ni ma na saki jiki. Har ya sayo goro da turmin alawayyo ya ce in kai wa babana, in ce masa shofer ya gode da magani. Babana ya karɓi goron ya ce a gaya masa shi bai ba da magani ba, tambaya ya yi.

Sai bazara ta shigo, irin wadda ko ƙadangare ba ya taka rairayi da rana. Ranar da ya kamata su iso, ba su iso ba. Washegari ma shiru. Sai ga wani Buzu bisa raƙumi ya tsaya a kasuwa yana tambayar gidan shofer. Ya ce mota na can tsakanin Gidimuni da nan, ta mutu a tsakiyar tudun rairayi, fasinja sun bi ƙafa zuwa rijiya mafi kusa, shofer ya ƙi barin kaya. Ya ce in gaya wa masu raƙuma.

Daga baya maigidan ya ba ni labarin yadda aka yi. Suna cikin hawan tudu, inji na kuka, sai ya ɗauke ɗif. Ya buɗe murfi ya tarar baƙin ƙaro na tsiyaya daga ƙarƙashin gwangwanin, ya taɓa ya ƙone yatsa. Ashe shi bobin yana yin zafi in yana aiki, ta jikinsa yake shan iska ya huce. Mu kuwa mun sa masa riga a kan riga, a bazarar Gure. Ya dahu a ciki. Ya ce da ya ga haka sai hannunsa ya tafi akwatin kayan aiki da kansa, yana laluben tsohon, sannan ya tuna.

Babana ne ya tara raƙumansa da na ƴan'uwansa suka tafi. Suka kwaso buhunan gishiri da sukari da tufafin attajiri suka kawo Gure, motar kuwa aka bar ta da mai gadi har sai an aiko da wani bobin daga Damagaram. A hanyar dawowa ce, in ji maigidan, babana ya yi masa magana baki da baki, karo na farko tun da aka ɗaura aure. Ya matso da raƙuminsa, bai dube shi ba, ya ce, “Sannu da wahala, shofer. Mu dai ba mu yanka mai rai don hwatarshi.” Sannan ya miƙa masa salkar ruwa.

Na yi shekaru a Kano bayan haka, gidanmu kusa da masu gyaran mota, kuma ban bar tambaya ba. Duk makanikin da ya zo shan fura sai na tare shi: bobin na asali ko na kanti, wanne ya fi? Wani ya ce na asali, don wanda ya ƙera mota ya san abin da ya auna mata. Wani ya ce akwai na kanti da ya fi na asali nesa ba kusa ba, akwai kuma wanda jan fenti ne kawai, sai ka sa za ka sani. Wani dattijo da ya ji labarin duka ya ce shi a ganinsa motarmu buji ne suka yi datti, ko batir ya yi sanyi, bobin bai taɓa yin laifi ba. Amma ya ce bai ga motar ba, ba zai rantse ba. Shi maigidan har ya koma ga Allah yana cewa jan bobin nan na kirki ne, rigar ce ta kashe shi. Wataƙila gaskiyarsa. Ba a taɓa barin abin ya yi aiki tsirara a maɗaurin da ya dace da shi ba, balle a san iyakarsa, kuma wannan rashin sanin yana ci mini rai har yanzu.

A wancan lokacin dai attajirin bai yi faɗa ba. Ya aiko da baƙin bobin irin na asali, da saƙo cewa in an tada motar a kawo ta Damagaram, daga can Kano. Da aka tada ta, maigidan ya fara shigo da ita Gure ɗaukar kanwa. Innata ta ce in zauna, aure ba a Gure ya fara mutuwa ba, ɗiya kuma ita za ta riƙe. Na kwana biyu ina juya maganar. Ina son garinmu, ina kuma son mutumin nan mai taurin kai, ba zan yi ƙarya ba. Babana ne ya raba gardamar. Ya ce mutumin da ya zauna cikin rana yana gadin kayan wani bai gudu ba, ba a barinsa ya tafi shi kaɗai.

Ranar tafiya aka ɗora tukwanena da tabarmi bisa buhunan kanwa, aka ba ni gaba kusa da shofer. Innata ta ƙi fitowa, ta ce ba ta iyawa. Babana ya zo tun da sassafe da ƙwaryar nono, ya tsaya nesa kaɗan da sandarsa a kafaɗa, ya karɓi jikarsa ya riƙe, ya ce sai mota ta tashi zai ba ni ita, ai ya san halinta, za a daɗe. Ni ma abin da na sa rai ke nan. Na zauna ina roƙon Allah a zuciyata ta yi gardamar da ta saba, ta yi tari ta yi shiru, ta kai mu hantsi, ta kai mu azahar, a ce sai gobe.

Maigidan ya tuɓe riga, ya kama manibal, ya juya sau ɗaya. Ta tashi.

Babana ya dubi motar, ya dube ni. Ya tako da sauri ya miƙo mini ɗiyar ta taga, yana faɗin wata magana da ƙarar inji ta hana ni ji. Na ce me ka ce, Baba? Ya ɗaga hannu alamar mu tafi, fasinja na jira. Damina biyu bayan haka wani mai kawo kanwa Kano ya zo mini da gaisuwar rasuwarsa.